Rumbun da Bai Fito Ba

Na fara koyon tsara shafin intanet ne saboda a ɗakin da ake koyarwar ba wanda ke ce mini "ya haƙuri". Gaskiyar dalilin ke nan. Daga baya in an tambaye ni nakan ce sha'awa ce, ko in ce na hango sana'a, amma a lokacin ba na sha'awar komai, ba na kuma hango komai. Inuwa nake nema, da wurin da za a ƙyale ni.

A daminar shekarar 'yan bindiga suka harbe yayana a gona, a ƙauyenmu da ke can bayan Pauwa. Shi ne babba a ɗakinmu, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinmu. Shi ya ce in yi boko, shi zai ji da gona, ya kuma ji da mahaifiyarmu. Da hantsi aka kawo shi a amalanke, kafin la'asar an rufe shi, kafin dawa ta nuna kuma ƙauyen ya watse. Matarsa ta kwashi yara ta tafi wurin iyayenta wajen Faskari, a can ta ƙarasa takaba. Ƙanwata dama tana aure a Sabuwa. Ni da Inna, mahaifiyarmu, muka ɗaure abin da mota ɗaya za ta iya ɗauka muka shigo Ƙanƙara. Kawuna ya ba Inna ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gabansa, ni kuma na shimfiɗa tabarma a zaure.

Ban yi kuka ba, ba kuma don jarumta ba. Na jira kukan ya zo, bai zo ba. Ina cin tuwo in cinye, ina bin jam'i, ina amsa gaisuwa yadda ake amsawa. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: ka mintsina, ka san ka mintsina, shi ke nan. Abu ɗaya da ya rage mini da rai shi ne haushi. Haushin masu zuwa gaisuwa nake ji, musamman waɗanda in sun shafa addu'a sai su gyara zama su ce, "To wai ya abin ya faru ne?" Labari suke so. Na yi ta ba da shi har ya zama hadda a bakina, ina faɗa ina kallon kajin kawu suna tonon ƙasa.

Inna ma ban ga hawayenta ba. Mata suna ta yaba mata, wai ga mai tawakkali. Ranar da aka rufe shi, abin da na ji ta faɗa kawai shi ne a duba ko an ɗaure awaki. Da muka dawo gari sai ta daina tambayar komai. Ta yi shara, ta yi girki, ta zauna.

Wurin koyon shaguna biyu ne da aka fasa bangon tsakaninsu, a bayan kasuwa, da sola a kan rufi da fanka ɗaya mai ƙara kamar tana tari. Kwamfutocin tsofaffi ne, wata sai an doki gefenta take farkawa. Mai koyar da mu mutumin Ruwan Godiya ne. Bai girme ni ba, amma Malam nake ce masa tunda shi ke gaban allo. Mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da ba ta neman dalili, kuma kowa injiniya ne a bakinsa. Ka shigo, "Injiniya, barka da zuwa." Ka ɓata aiki, "Injiniya, ka kashe mu." Da farko ji nake kamar in shaƙe shi. Amma bai san ni ba, bai san daga ina na fito ba, bai kuma tambaya ba, don haka na ci gaba da zuwa. Akwai wasu samari a ajin da na ji daga maganarsu cewa daga wajen Yargoje suke, na kuma san abin da ya kawo su gari. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Mu gaisa, kowa ya fuskanci allonsa.

Abin da Malam ya fara koya mana shi ne komai a shafi akwati ne. Rubutu akwati, hoto akwati, wani akwatin ma a cikin wani yake. Da yare ɗaya, HTML, kake gina akwatunan. Da wani yaren, CSS, kake gaya musu inda za su zauna, da faɗinsu, da launinsu, da tazarar da za su bar wa juna. Turancina na makarantar ƙauye ne da kwalejin da ban ƙarasa ba, amma wannan yaren bai damu da Turancin kowa ba. Kalmominsa kaɗan ne, kuma ba ya lallashi. Ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi, sai abin da ke biye ya yi kamar bai ji ka ba. Ba ya fushi, ba ya tausayi, ya ƙi kawai. Wannan ya yi mini daidai.

Ba wai na iya da wuri ba ne. Na daɗe ina rikita tazarar da ke cikin akwati da wadda ke wajensa, in so in nisanta shi da maƙwabcinsa sai in ga ya kumbura. Akwai ranar da na wuni ina son in kawo wani jan akwati tsakiyar shafi, ya je hagu, ya je dama, ya sauka ƙasa, tsakiya dai ya ce bai san zancen ba. Wasu kan yi tsaki su tashi in abin ya ƙi. Ni ba inda nake sauri. Nakan zauna tun hantsi har azahar ina tura akwatin nan, in sa masa baki mai kauri, in cire, in canja masa launi, in mayar. Ba na tunanin komai, kuma abin da na zo nema ke nan.

Da muka ɗan kama hanya, Malam ya ce kowa ya gina shafi a kan abin da ya sani: babban hoto a sama daga gefe zuwa gefe, suna a ƙarƙashinsa, sai akwatuna uku a jere. Wani ya yi na shagon takalman babansa, wasu suka yi na ƙwallo, wata ɗaliba ta yi na cincin da dambun naman da take sayarwa. Ni ba abin da ya zo mini. Na buɗe wayata ina neman hoto mai faɗi, tunda mai faɗi aka ce, sai na samu guda ɗaya tak. Na ranar bikin ƙanwata ne, wani abokin ango ya ɗauka a tsakar gidanmu, ya ja da baya sosai don kowa ya shiga. Ban tsaya kallonsa ba. Faɗinsa na duba, na ga ya isa, na ɗora. Na rubuta "Gidanmu" a ƙasa, na cika akwatunan uku da 'yan layuka a kan gona da dabbobi da kasuwa, irin abin da yaro ke rubutawa a firamare.

A babban allon kwamfuta abin ya zauna daram. Malam ya ɗora mana shafukan a intanet, ya ce kowa ya buɗe nasa a wayarsa. Ɗakin ya kaure da dariya. Nawa ya fi na kowa muni. Rabin kalmar "Gidanmu" kaɗai ake gani, akwatunan sun tsere dama, sai ka yi ta ja da yatsa kafin ka kamo su.

"Injiniya," in ji Malam, "ka ɗinka ma ƙato babbar riga, ka ce yaro shi sa shi tahi Idi."

Laifin, in ji shi, na yanka wa shafin faɗi da ƙayyadadden awo, alhali bai san a wane allo za a buɗe shi ba. Yau kwamfuta, gobe wayar da ba ta kai tafin hannu ba, kuma mutanenmu duk da waya suke shiga. Daga nan muka shiga ainihin karatun, wanda shi yake kira shafi mai jin magana. Ka daina cewa faɗinka kaza ne, ka ce ɗauki duk wurin da ka samu, ko rabinsa. Ka kafa sharaɗi: in allo ya yi ƙanƙanta, akwatunan nan uku su bar jere su bi layi, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Sai ka kama gefen tagar shafin ka matse ta a hankali, kana kallo, har ka kai inda sharaɗin zai kama, akwatunan su yi tsalle su sake zama. Na daɗe ina wannan wasan, in matse, in saki. Sauran ɗalibai suka wuce gaba ina nan ina matsewa.

Hoton shi ne mai taurin kai. Shi a kwance yake, waya kuwa a tsaye take. Malam ya nuna mana dabara: ka ce wa hoto ya cika akwatinsa, abin da ya yi saura a yanke. In ba ka ƙara cewa komai ba, tsakiya yake riƙewa, ya zubar da gefe da gefe. Na yi haka. A wayata sai ga amarya a lulluɓe, ga Inna kusa da ita, ga gwaggwannina, tsaf kamar don waya aka ɗauka. Malam ya ɗaga wayar ya nuna wa aji, ya ce injiniya ya fara zama injiniya. Na karɓi abata na sa a aljihu.

A gida kuwa kawu ya fara ƙorafi. Ba ni yake faɗa wa ba, Inna yake faɗa wa, da ƙarfi yadda zan ji daga zaure: ƙato kamar wannan, maimakon ya nemi ko dako ne a kasuwa, ya tafi yana wasa da talabijin. Don in kashe bakin maganar, wata rana da yamma na karɓi wayar Inna. 'Yar ƙarama ce, ƙanwata ta aiko mata daga Sabuwa don su riƙa gaisawa, fuskarta da tsaga a kusurwar sama ta dama. Na buɗe shafin, na ajiye mata alamarsa a gaba inda dannawa ɗaya zai kai ta.

"Ga abin da nike koyo, Inna. Ni na yi shi."

Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta nisantar da wayar daga fuskarta, don idonta ya daina ganin na kusa. Ta daɗe tana kallo. Ni jira nake ta ce Allah ya yi albarka in tafi.

"Rumbun bai hito ba," in ji ta.

"Wane rumbu?"

"Rumbunmu mana. Ai shina nan gefe, ta nan." Ta taɓa bakin wayar na dama da farce.

Haushin nan nawa ya taso. Mun bar gida, mun bar dawa a tsaye a gona, mun bar kabari ɗanye, ita kuma rumbu take tambaya.

"Inna, rumbun da aka yashe? Ko ƙwaya ba su bari ba ciki."

"Na sani," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ce maka na yi bai hito ba."

Na ce za a gyara, don dai maganar ta ƙare. Ta ce in bar mata shi a nan, kar in goge.

Washegari da na dawo, kafin in cire takalmi ta ce, "An gyara?" Na ce tukuna. Kullum haka. Matar da ta daina tambayar wa ya haihu, wa ya rasu, yaushe za mu koma, ta samu tambaya guda ta riƙe. Sau da yawa in na leƙo daga zaure sai in gan ta a rumfa, faifai a cinya, wayar a hannu, tana jan fuskar da babban yatsa daga dama zuwa hagu, yadda ta ga jikoki suna yi in suna son hoto na gaba. Shafin ba ya motsi. Ai ni na koya masa kar ya motsa gefe, Malam har yaba mini ya yi.

Da na gaji da jin "an gyara", na je wurin koyo na buɗe hoton shi kaɗai a babban allo, in ga wannan rumbu da ya hana ni shan ruwa. Na bi layin mutanen daga tsakiya zuwa dama. Gwaggwanni, maƙwabta, yara sun durƙusa a gaba, wani ya rufe ido. Can ƙarshe, inda hoton ya kusa ƙarewa, ga rumbun da jinkarsa. A jikinsa kuma yayana ne ya jingina, hannu ɗaya a kan bangon, hula a ture baya. Ko wanka bai samu yi ba ranar, yana ta hidimar baƙi, rigar aiki ce a jikinsa. Dariya yake, ba mai hoton yake kallo ba, wani yake kallo can waje.

Na zauna ina kallo. Fankar tana ta tarinta. Na lura wani a bayana yana cin gyaɗa, na lura ba na jin komai. Abin da ya zo mini a kai bayani ne kawai irin na aji: mutumin nan yana gefe, tsakiya aka riƙe, shi ya sa aka yanke shi.

Kuma dole ya kasance a gefe, don ɗan fari ne. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Matan yanzu sun fara sakin wannan kunyar, amma Inna ta riƙe ta gam. Tun ina yaro ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tuwo ya sauka sai ta ce mini, "Ka ce ma mutanen waje abinci na hucewa," alhali shi kaɗai ne a waje. In ya yi zazzaɓi kakarmu ce ke zama a kansa, Inna kuwa sai ta yi ta shiga ɗakin neman wani ludayi da ba ya ɓata sai irin wannan ranar. Shi ma ya san dokar. In ta shigo ta nan, ya fita ta can. Ranar hoton, da aka ce kowa ya matso, ya tafi iyakar nisan da zai iya yi da ita ba tare da ya fita daga hoton ba. Rumbun ma shi ya gina shi.

Da ya rasu dokar ba ta rasu ba. Shi ya sa ta tambayi awaki. A kayan da muka ɗauko ba hotonsa ko ɗaya, wayarsa kuma ta tafi da waɗanda suka kashe shi. Wannan na jikin rumbu shi kaɗai ya rage a hannunmu, ita kuwa ba ta da bakin da za ta ce a nuna mata ɗanta. Amma aikin makarantar ƙaninsa, wa zai ce don me take kallo?

Da na gane, sai na yi abin da ya fi sauƙi. Na yanko shi daga hoton, daga hula zuwa ƙirji, na sa a wayata. A ganina mutuwa ta wuce wasan ɓuya, kuma na gaji da zagaye-zagaye. Na same ta a rumfa tana tsintar wake tare da matar kawu. Na durƙusa na miƙa mata.

"Inna, ga abin da kike nema."

Kallo ɗaya ta yi wa wayar ta kau da kai, kamar garwashi na miƙa mata.

"Kai, mi ye haka? Ɗauke mani nan. Ba ka da ta ido?"

"Inna, ai ya riga ya..."

"Na ce ɗauke. Ni na aike ka?"

Matar kawu ta sunkuyar da kai tana ta tsintar waken da ba sauran tsakuwa a ciki. Na tashi na koma zaure. Na ji haushin Inna, na ji haushin al'adar, na ji haushin wanda ya fara ƙirƙiro ta, ko waye shi. Daga ranar ba ta sake cewa "an gyara" ba. Wayar ma ta daina fitowa da ita rumfa. In na dawo ta ce sannu, ta turo kwano, shi ke nan. Wannan shirun ya dame ni, kuma shi ne abu na farko da ya dame ni tun damina.

Na koma kan shafin. Na cire umarnin yankewa, na ce hoton ya shiga gaba ɗayansa, ya rage kansa daidai faɗin waya. Ya shiga kuwa. Kowa ya fito har rumbun, amma hoton ya koma siririn ƙyalle, kawunan mutane kamar ƙwayar gero. Da yamma, ina wanke hannu, na ce mata na taɓa shafin nan ko za ta duba. Ban kalle ta ba. Ta ɗan jima kafin ta shiga ɗaki ta ɗauko wayar. Ta nisantar da ita, ta matso da ita, ta karkata ta wajen haske.

"Ga shi kau," ta ce. "Amma kamar daga bayan gari aka hango shi."

Na nuna mata yadda ake buɗa yatsu biyu a kan hoto ya ƙara girma. A kan amarya na gwada mata. Ta ce yatsunta ba su jin wannan maganar. Ban yarda ba, matar da ke zare tsakuwa daga wake ba ta ko dubawa. Sai dai in za ta buɗa yatsun, dole ta ɗora su a kansa, ta ware shi daga cikin mutane da hannunta. Ko ta gwada in ba kowa, ban sani ba. Na dai ga ta mayar da wayar ɗaki.

Washegari na ce ta kawo in kai mata caji wurin sola, dama nakan yi haka in wuta ta daɗe ba ta zo ba. Da aka tashi aji na tsaya. Na tambayi Malam, in hoto zai yanku, dole ne tsakiya za a riƙe?

"A'a, injiniya, kai ke da iko. Tsakiya ai in ba ka yi magana ba ne. Layi ɗaya ne tak. Ka ce hagu, ka ce dama, ka ce sama."

Ya rubuta mini layin. Na mayar da yankewar, na shiga cikin sharaɗin ƙananan wayoyi, na rubuta dama. A babban allo ba abin da ya canja, gida a cike, amarya a tsakiya. Na buɗe a wayar Inna. Amarya ta tafi, Inna ta tafi, gwaggwanni sun tafi. Sai rumbu, da rabin kan wani yaro, da guntun katanga, da shi.

Malam ya leƙo ta kafaɗata ya riƙe baki.

"Kai injiniya, ka ɓata. Ina amaryar? Wanga ai kamar mai hoton ya yi tuntuɓe ne. Mai da shi tsakiya, hakanan ba ni iya nuna ma kowa."

"Haka nike son shi, Malam."

"To don mi? Tallar rumbu za ka yi?"

Ban so in faɗa ba. Nan ne kaɗai inda ba a san ni ba, na kuma san in na faɗa wannan ya ƙare. Amma na faɗa, a taƙaice, idona a kan allo.

"Wayar tsohuwarmu ce. Wancan ɗan farinta ne. Da damina aka kashe shi."

Ban ƙara ba, shi ma bai nemi ƙari ba. Mutumin Ruwan Godiya ne, ba sai an yi masa fassara ba. Ya ce Allah ya jiƙansa da rahama, sannan ya jawo kujera ya karɓi wayar.

"Tsagar ga ta bi ta bisa hularshi," ya ce. "Sauke shi ƙasa kaɗan. Sa tazara daga sama."

Muka zauna muna ta gwaji. Mu ƙara tazara, mu duba wayar, mu rage. Muka ƙara wa akwatin tsawo don fuskar ta yi girman da idonta zai kama. Da ta yi girma da yawa Malam ya ce a'a, rumbun ya fara fita, a bar rumbun ya fi shi cin wuri, kar a gane da gangan ne. Rabin kan yaron ma ya ce a bar shi. Ban taɓa ganin an sha wahala haka don aiki ya yi kama da kuskure ba. Aka kira la'asar muna kai.

Na iso gida na tarar matar kawu ta shiga maƙwabta barka, kawu bai dawo daga kasuwa ba. Inna na zaune a rumfa ita kaɗai, ba ta aikin komai, hannuwanta a kan gwiwa. Na miƙa mata wayar a buɗe, na yi muryar mai ƙorafi.

"Ga ta, ta cika. Amma shafin nan ya lalace, Inna. Garin gyara na ɓata shi gaba ɗai. Duk kun ɓace, rumbun kaɗai ya saura."

Ta karɓa. Ta nisantar da ita yadda ta saba, sai hannun ya tsaya a nan. Ni kuma na sami abin kallo a jikin katanga. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Wata akuyar kawu ta leƙo ta koma.

"Haka ya lalace?" ta ce. Muryarta daidai take.

"Haka."

"Malamin naku ma ya kasa?"

"Ya kasa."

"To." Ta gyara riƙon wayar. "Jinkar nan ta yi kyau. Wanda ya ɗora ta ya iya aiki."

"Ya iya," na ce.

"Bar shi hakanan. Kada ka sake taɓawa shi ƙara lalacewa." Ba ta ɗauke ido daga wayar ba. "Tahi ka ɗebo mani ruwa."

Randunan a cike suke, ni na cika su da safe. Na ɗauki bokiti na fita. A bakin famfon unguwa na tarar da layi, na ajiye bokitina a ƙarshe. A nan ne, ina tsaye cikin mata da 'yan garuwa, kewar yayana ta kama ni, ta kama ni sosai har sai da na dafa bango. Duk wanda ya zo bayana na ce ya wuce ya ɗiba. Ban koma gida ba sai da aka kira magariba.